Kundin Sunayen Jama'ar Holan da Hannun da Ya Gaje Shi

A daren 27 ga Maris, 1943, wasu mutane sanye da kayan 'yan sanda suka isa ofishin rajistar jama'a na birnin Amstadam a ƙasar Holan, suka ce an aiko su ne su bincika ko an dasa bam a ginin. Masu gadi suka buɗe musu ƙofa. Da shigarsu suka kama masu gadin, suka yi musu allurar barci, suka kwantar da su a harabar gidan namun dajin da ke maƙwabtaka da ofishin don kada wuta ta ritsa da su. Sannan suka zazzage akwatunan katuna a ƙasa, suka yayyafa musu mai, suka cinna wuta. Jagororin wannan aiki ba sojoji ba ne. Willem Arondeus mai zane ne kuma marubuci, Gerrit van der Veen kuwa masassaƙi ne. Abin da suka sayar da rayukansu don su ƙona shi ma ba kayan maƙiyi ba ne, kundin ƙasarsu ne, wanda ma'aikatan gwamnatinsu suka shafe kusan shekara ɗari suna tarawa da kyakkyawar niyya. Duk wanda yake son ya fahimci dalilin da ya sa ake ta ce-ce-ku-ce a yau kan bayanan mutane a kwamfuta da wayar hannu, ya kamata ya san abin da ya kai masu kishin ƙasa ga wannan mataki. Tarihin nan yana tabbatar da abu guda: bayanan da aka tara a kan mutane sun fi gwamnatin da ta tara su tsawon rai, saboda haka ba a auna hatsarinsu da niyyar wanda ya karɓa, ana auna shi ne da abin da mafi sharrin magajinsa zai iya yi da su.

Al'adar rubuta kowane mazaunin gari a kundin hukuma ta kafu a Holan a 1850, bayan ƙidayar jama'ar da aka yi a 1849. Aka ɗora wa kowace ƙaramar hukuma nauyin riƙe littafin da ke ɗauke da sunan mutum, ranar haihuwarsa, sana'arsa, adireshinsa, iyalinsa da addininsa, a kuma gyara shi duk lokacin da aka yi haihuwa, aure, rasuwa ko ƙaura. Babu wata makirci a ciki. Ƙasa ce ta 'yan kasuwa da masu lissafi, tana so ta san wanda zai biya haraji, wanda ya isa aikin soja, wanda ya cancanci jefa ƙuri'a, da talakan da ya kamata a tallafa wa. Gurbin addini ma yana da hujjarsa, domin a lokacin makarantu da gidajen marayu da taimakon gajiyayyu duk suna tafiya ne ta hannun ɗariƙun addini, Furotesta da nasu, Katolika da nasu, Yahudawa da nasu. Bayahuden Amstadam da ya faɗa wa akawu addininsa a 1900 ko 1930 bai ga abin tsoro ba, kuma yana da gaskiya a lokacin. Holan ta daɗe da suna a matsayin mafaka ga waɗanda aka kora daga wasu ƙasashe saboda aƙidarsu, ba ta kuma shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya ba. Gwamnatin da ta tambaye shi tasa ce, ta mutunci ce, kuma ba ta taɓa amfani da amsarsa wajen cutar da shi ba.

A shekarun 1930 aikin ya samu gwani, wani ma'aikacin gwamnati mai suna Jacob Lentz, wanda ya shugabanci hukumar da ke sa ido kan rajistar ƙasa baki ɗaya. Mutum ne mai ƙaunar tsari ƙwarai. A ƙarƙashinsa aka daidaita yadda kowace ƙaramar hukuma take rubutu, aka kuma sauya daga katin iyali zuwa katin mutum ɗaya ɗaya, wanda ke bin mai shi daga gari zuwa gari tun daga haihuwa har kabari. Burinsa na gaba shi ne katin shaida da kowa zai riƙa yawo da shi a aljihu. A farkon 1940 gwamnatin Holan ta ƙi amincewa, bisa hujjar cewa tilasta wa kowa ɗaukar irin wannan kati tamkar ɗaukar kowane ɗan ƙasa ne a matsayin wanda ake zargi. Bayan 'yan makonni, ran 10 ga Mayu, 1940, sojojin Jamus suka mamaye ƙasar, sarauniya da ministocinta suka tsallaka Ingila, ma'aikata kuma suka ci gaba da zama a kujerunsu. Abin da gwamnatinsa ta hana shi, 'yan mamaya suka ba shi hannu bibbiyu. Katin da ya ƙera, wanda aka tilasta wa duk mai shekara 15 zuwa sama a 1941, yana da hoto da sa hannu da zanen yatsa, an buga shi da tawada ta musamman a kan takarda mai ɓoyayyen tambari, har masana a Balin suka yaba cewa ya fi nasu wuyar jabu. Abin da ya fi wannan muni shi ne kowane kati yana da ɗan'uwansa a ajiye a babban rumbu a birnin Hague. Ko da mutum ya samu na jabun da ya wuce idon ɗan sanda a kan hanya, ana iya tona shi ta hanyar duba na rumbun.

A watan Janairu na 1941 'yan Nazi suka ba da umarni cewa duk wanda yake da kaka ko da ɗaya Bayahude ya je ya yi rajista. Kusan mutum 160,000 suka je, kuma a cikinsu aka ware wajen 140,000 a matsayin cikakkun Yahudawa bisa ma'aunin 'yan mamaya. Mai karatu na iya tambaya: me ya sa suka kai kansu? Tsoron hukunci yana ciki, biyayyar da aka saba yi wa hukuma ma tana ciki. Sai dai babban dalili shi ne ɓuya ba ta da amfani a ganinsu, tunda addininsu da na iyayensu da na kakanninsu yana nan a rubuce a ofishin ƙaramar hukuma tun kafin a haifi Hitila. Wanda ya ƙi zuwa za a gano shi da 'yar dubawa kaɗan. A wannan shekarar ce ma'aikatan birnin Amstadam suka zana wa Jamusawa taswirar birnin, kowane ɗigo a kanta yana wakiltar Yahudawa goma, ta yadda mai kallo zai ga unguwar da suka fi yawa da layin da za a fara toshewa. Aka buga babban harafin J a katin kowane ɗayansu. Daga Yuli 1942 jiragen ƙasa suka fara jigilarsu daga sansanin Westerbork zuwa Auschwitz, daga baya kuma har da Sobibor. An kwashe kimanin mutum 107,000, waɗanda suka dawo da rai ba su wuce 5,000 da 'yan kai ba. Wato kusan kashi 75 cikin ɗari na Yahudawan Holan aka hallaka, alhali a Beljiyam da ke maƙwabtaka adadin yana wajen kashi 40, a Faransa kuma kusan kashi 25.

A nan ya wajaba a saurari masu ja, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa kati bai taɓa kashe kowa ba, kuma bambancin da ke tsakanin Holan da maƙwabtanta yana da wasu dalilai masu nauyi. Holan ƙaramar ƙasa ce, shimfiɗaɗɗiya, ba duwatsu ba manyan dazuzzukan ɓuya, teku a gaba, Jamus a baya. Mulkin mamayar da aka ɗora mata a ƙarƙashin Arthur Seyss-Inquart na masu tsananin aƙidar Nazi ne, ba irin na soja da aka yi wa Beljiyam ba. Fiye da rabin Yahudawan ƙasar a birni ɗaya suke zaune. 'Yan sanda da ma'aikatan jirgin ƙasa sun ba da haɗin kai, akwai kuma masu farautar mutane don a biya su lada. Duk wannan gaskiya ne, kuma marubucin da ya ce rajista kaɗai ce ta jawo bala'in ya zalunci tarihi. Amma a lura da abin da kowane ɗaya daga cikin dalilan nan yake bukata kafin ya yi aiki. Ɗan sandan da zai ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare sai an ba shi suna da lambar gida. Rashin dutsen ɓuya kuma yana ƙara tsanani ne ga mutumin da ba zai iya sajewa cikin jama'a da wani suna ba, abin da katin Lentz ya sa ya yi matuƙar wuya ke nan. Faransa ta daina tambayar addini a ƙidayarta tun bayan ta 1872, don haka da 'yan Nazi da gwamnatin Faransa ta Vichy mai ba su haɗin kai suka so sanin Yahudawan ƙasar sai da suka fara tattara sunaye daga tushe. A inda aka yi nasarar haɗa irin wannan kundi, kamar wanda 'yan sandan Faris suka tara daga ƙarshen 1940, sakamakon bai bambanta ba: da shi aka kame mutum kusan 13,000 cikin kwana biyu a Yuli 1942. Ƙiyayya ce ta yi kisan, amma kundi ne ya nuna mata gida.

Harin na Amstadam kansa yana da darasi, kuma mai ɗaci ne. Ko da yake wasu 'yan kwana-kwana sun yi jinkirin kashe wutar da gangan, sannan suka yi ta ɓarin ruwa don su ƙara lalata takardun, abin da ya salwanta bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba, domin katunan da aka matse wuri guda ba sa saurin cin wuta. Aka ci amanar maharan, aka kama mafi yawansu, aka harbe mutum 12 ran 1 ga Yuli, 1943, ciki har da Arondeus. Van der Veen ya tsira a lokacin, amma shi ma aka kashe shi a shekarar da ta biyo. Rumbun Hague kuwa sai da 'yan gwagwarmaya suka roƙi Ingila ta jefa masa bam. Ran 11 ga Afrilu, 1944, jiragen yaƙin Birtaniya suka rusa ginin, mutum kusan 60 suka mutu, akasarinsu ma'aikata 'yan ƙasa, kuma duk da haka wajen rubu'in katunan kawai aka lalata. Kafin wannan rana an riga an kwashe mafi yawan waɗanda ake son cetowa. Cike gurbi ɗaya a takarda aikin daƙiƙa biyu ne a teburin akawu, amma goge shi ya ci rayuka da dama bai kuma gogu ba. Lentz, wanda ya dage cewa aikinsa kawai ya yi, an yanke masa ɗaurin shekara uku bayan yaƙi.

Wani zai ce wannan labarin mamaya ne da 'yan Nazi, abin da ba ya faruwa kullum, don haka bai kamata a gina hukunci a kansa ba. Da ma haka ne da an ji daɗi. Amurka ba a mamaye ta ba, zaɓaɓɓiyar gwamnati ce ke mulkinta, dokarta kuma ta yi wa jama'a alkawarin cewa abin da suka faɗa wa masu ƙidaya sirri ne. Amma a 1942, bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor, majalisa ta ɗage wannan kariya, hukumar ƙidaya kuma ta taimaka wa soja da bayanan unguwannin da 'yan asalin Japan suke zaune, aka tsare kusan mutum 120,000 a sansanoni, kashi biyu cikin uku 'yan ƙasar ne haifaffu. Sai a 1988 gwamnati ta nemi gafara a hukumance. A Ruwanda, Turawan Beljiyam ne suka shigar da gurbin ƙabila a katin shaida a shekarun 1930, gwamnatocin bayan 'yanci suka bar shi yadda yake, a 1994 kuma wannan layi guda ya zama abin da ake dubawa a shingen hanya kafin a sare mutum. A Afganistan, Amurka da ƙawayenta da hukumomin ƙasar sun shafe shekaru suna ɗaukar zanen yatsu da hoton ƙwayar idon sojoji da 'yan sanda da ma'aikata, don tsaro da biyan albashi. A Agusta 2021 gwamnatin ta rushe cikin 'yan kwanaki, wasu na'urorin da rumbunan suka koma hannun Taliban, mutanen da aka yi wa rajista don a kare su suka shiga ɓuya. Idan aka haɗa da Holan, ƙasashe huɗu ne mabambanta a zamani daban-daban, amma a kowacce an karɓi bayanin don wata manufa, aka yi aiki da shi don wata.

Dokokin kare bayanai da duniya take amfani da su yanzu sun samo tushe ne daga mutanen da suka ga wannan da idonsu, ko suka ji daga bakin iyayensu, sannan suka ga kwamfuta ta shigo ofisoshin gwamnati. Jihar Hesse ta Jamus ta Yamma ce ta fara kafa irin wannan doka a 1970, Suwidin ta yi ta ƙasa baki ɗaya a 1973. A Holan ƙidayar 1971 ta gamu da turjiya har ta zama ta ƙarshe da aka bi gida gida. A Faransa, tonon da jaridar Le Monde ta yi a 1974 na shirin haɗa kundayen gwamnati da lamba ɗaya ya kai ga dokar 1978 da hukumar sa ido mai zaman kanta. Amma hukuncin da ya fi zurfi shi ne na Kotun Tsarin Mulkin Jamus ta Yamma. An shirya ƙidaya a Afrilu 1983, dokar ƙidayar kuma ta yarda a gwada amsoshin mutane da rajistar mazauna ta ƙananan hukumomi. Jama'a suka tayar da ƙayar baya, wasu suka garzaya kotu, kotun ta dakatar da aikin ana saura makonni biyu. Ran 15 ga Disamba, 1983, ta yanke cewa kowane mutum yana da haƙƙin ya yanke wa kansa wanda zai san bayaninsa da abin da za a yi da shi. Ta kafa hujja da abu biyu da har yau ba a rusa su ba. Na farko, a zamanin na'ura babu bayanin da za a ce ba shi da muhimmanci, domin ƙaramin abu idan aka haɗa shi da wani yakan fito da cikakken hoton mutum. Na biyu, wanda bai san abin da hukuma ta sani game da shi ba zai fara jin tsoron halartar taro ko shiga ƙungiya, kuma wannan tsoro illa ce ga al'umma gaba ɗaya. Kotun ba ta haramta ƙidaya ba, an yi ta a 1987 bayan an gyara doka. Abin da ta haramta shi ne a karɓi amsa da sunan lissafi a miƙa ta ga masu zartarwa. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a Mayu 2018 tana tafiya a kan wannan turba: a faɗi manufa, a karɓi iya abin da manufar take bukata, kada a ajiye fiye da lokacin bukata, a kuma ba addini da ƙabila da lafiya da zanen yatsa kariya ta musamman.

Abin da kwamfuta da intanet suka sauya shi ne sun cire duk wahalhalun da a da suke rage wa mai mugun nufi gudu. Kundin Lentz yana da nauyi, yana zaune a gini, mai son bincika shi sai ya ɗauki akawu da yawa. Na yau ana kwafe shi cikin dare ba tare da an fasa ƙofa ba, mai shi ma bai san an ɗauka ba, kuma ba a iya ƙona abin da yake da kwafi a nahiya uku. A 2015 aka gano cewa masu kutse sun kwashe bayanan mutum sama da miliyan 21 daga hukumar kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka, har da zanen yatsun mutum miliyan 5.6. Wanda aka sace wa lambar sirri zai sauya ta gobe, wanda aka sace wa zanen yatsa da shi zai mutu. Ga kuma wani abu da Lentz bai taɓa mafarkinsa ba: yanzu ba sai an tambayi mutum addininsa ba. Wayar da take tsayawa a wuri ɗaya duk Juma'a da azahar, ko duk Lahadi da safe, ta riga ta ba da amsa. Lambobin da yake kira sun nuna danginsa da abokan siyasarsa, abin da yake saya ya nuna ciwon da yake ɓoyewa. Mafi yawan wannan kuma ba a hannun gwamnati yake ba, yana hannun kamfanonin waya da bankuna da masu manhajoji, waɗanda ake sayarwa, suke karyewa, ko a tilasta musu miƙa abin da suke riƙe da shi.

Akwai maganar da ake yawan ji idan aka taɓo wannan batu, cewa mara gaskiya ko a ruwa gumi yake yi, wanda bai aikata komai ba me zai ɓoye? Amsar tana cikin taswirar Amstadam. Mutanen da ɗigon nan yake wakilta ba su aikata komai ba. Ba su ne suka sauya ba, ma'anar laifi ce aka sauya a kansu, wanda kuma yake da ikon sauya ta shi ne wanda kundin ya faɗa hannunsa. Ban da haka, neman rufin asiri ba alamar rashin gaskiya ba ne a kowace al'umma mai mutunci. Mutumin da ya gina zaure a ƙofar gidansa, yake sa ran baƙo ya tsaya ya yi sallama, ba ɓarawo ba ne. Musulunci ya hana bin diddigin asirin mutane, ya kuma wajabta neman izini kafin shiga gidan wani, ba tare da ya ce sai mai gidan ya fara tabbatar da cewa ba shi da laifi ba.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce ta masu cewa ƙasashe irin namu ba yawan rajista ne ciwonsu ba, rashinta ne. Yaron da ba shi da takardar haihuwa, tsohuwar da ba ta iya buɗe asusun banki, albashin da ake biyan ma'aikatan bogi, mai garkuwa da mutane da yake kiran iyalan wanda ya kama da layin da ba a san mai shi ba, duk waɗannan illolin rashin kundi ne, kuma talaka ne ya fi ɗanɗana su. Na yarda da wannan ba tare da wani sharaɗi ba. Tarihin Holan bai ce a daina rajista ba, Holan ɗin ma ba ta daina ba. Har yau tana cikin ƙasashen da suka fi kowa cikakken kundin jama'a, da shi take fitar da alƙaluman ƙidayarta. Abin da ta yi shi ne ta cire gurbin addini daga rajistar hukuma tun 1994, ta kayyade wanda zai iya dubawa da dalilin dubawar. Tambayar ke nan da ta kamaci kowace ƙasa: wane gurbi ne aikin ba zai yiwu ba sai da shi, wane ne kuma aka sa don kawai akwai fili a takarda? Don a biya mutum fansho ana bukatar a tabbatar shi ne, ba a bukatar sanin ƙabilarsa. Shi ya sa nake ganin tsaron rumbu, duk da muhimmancinsa, ba shi ne matakin farko ba. Rumbun Hague yana da tsaro sosai, tsaron nasa ne ma ya sa sai da jirgin yaƙi aka taɓa shi. Bayanin da ba a karɓa ba shi kaɗai ne ba ya bukatar mai gadi.

Nijeriya tana tsakiyar wannan aiki yanzu, kuma dokarta reshe ce ta wancan tarihi. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. An kafa hukumar katin ɗan ƙasa da dokar 2007, lambar BVN ta bankuna ta zo a 2014, a Disamba 2020 aka ba da umarnin haɗa kowane layin waya da lambar NIN, wadda fiye da mutum miliyan 100 suka riga suka mallaka. Dokar kare bayanai kuwa sai a Yuni 2023 aka sa mata hannu, wato kundin ya riga mai gadinsa isowa da shekaru, kuma ginshiƙanta kusan su ne na dokar Turai. A 2024 'yan jarida da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka nuna cewa wasu shafukan intanet suna sayar da bayanan NIN na mutane a kan kuɗi ƙalilan, ko da yake hukumar ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ga wanda aka sayar da sunansa da hotonsa da adireshinsa, ta ƙofa aka fitar ko ta taga duk ɗaya ne. Jama'a sun kuma ga yadda wasu manhajojin ba da bashi suke kwashe lambobin da ke wayar mutum, su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon tozarci idan ya makara da biya. A gefe guda ƙasar ta taɓa nuna cewa ta san hatsarin, domin ƙidayar 2006 ba ta tambayi addini ko ƙabila ba. An yi haka ne saboda rigimar alƙaluma, amma hikimar ta wuce nan. Ƙasar da a lokutan tarzoma aka sha tare matafiya a hanya ana tambayarsu addini ko asali, Musulmi da Kirista duka sun rasa 'yan'uwa ta haka, ba ta da uzurin ɗaukar waɗannan gurabe biyu da wasa.

Saboda haka ya kamata 'yan majalisa da malamai da 'yan jarida su matsa a kan abubuwa takamaimai: hukumar kare bayanai ta samu kuɗi da 'yancin da za ta iya hukunta ma'aikatar gwamnati kamar yadda take hukunta kamfani, kada jami'in tsaro ya buɗe bayanan kowa sai da izinin alƙali, a kuma riƙa rubuta sunan duk wanda ya duba. Kai kuma mai karatu, idan makaranta ko asibiti ko wani kamfani ya miƙo maka takarda mai gurbin addini da ƙabila, ko manhaja ta nemi ka buɗe mata lambobin wayarka, ka tambayi me za a yi da su, wa zai gani, yaushe za a goge. Dokar 2023 ta ba ka ikon yin wannan tambaya, ta kuma wajabta musu su ba ka amsa.